Kalmar da Kawu Ya Bar wa Amininsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya koma ga Wanda ya yi shi ranar wata Litinin da hantsi, a ɗakinsa, kansa a cinyar Inna, matarsa ta shekara arba'in da ɗoriya. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida bayan rasuwar babana, saboda haka abin da zan faɗa a nan ba a bakin wani na ji ba, da idona na gani.

Kwana uku na yi a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, kunnuwana kuma a buɗe. Mutanen Birnin Gwari ba su yi wa Kawu rowar yabo ba. Wata ta ce shi ya raba rigimar iyakar gonarsu. Tsofaffin abokan aikinsa suka ce lokacin da yake malamin daji, ko turken akuya mai gatari bai isa ya sara a gandun gwamnati ba sai da takarda. Amma kusan kowa in ya gama yabon sai ya rage murya ya ƙara da cewa, "Mutumin kirki, sai dai wasan nan." Wani dattijo a zaure, ina jiyo shi ta katanga, har cewa ya yi da lokacin da marigayi ya ba ƙamus ɗin Turanci ya ba carbi da ya fi masa amfani yau. Na haɗiye maganar don ranar ba ta musu ba ce. Yau zan amsa. Sahun farko na masallacin unguwarmu ya san goshin Kawu fiye da yadda ya san na mai wannan magana, kuma shi ma ya sani.

Ga wanda bai san wasan ba: haruffan Turanci ne a kan 'yan ƙananan katakai, ana zuba su a jaka. Mutum ya saka hannu ya ɗebi bakwai ba tare da ya leƙa ba, ya jera su a kan wani ɗan katako da Kawu ke kira benci, sannan ya haɗa kalma a kan allo mai gida-gida, ta jingina da wadda abokin wasansa ya ajiye. Kowane harafi da makinsa. Iyakarsa ke nan, abin da ya tsaya wa mutane a wuya.

Sadakar uku ta faɗo ranar kasuwa. Wajen hantsi sai ga mai daddawa ta shigo, wata mata da ke zuwa cin kasuwa duk mako daga wani ƙauye bayan Kuyello. Ta durƙusa gaban Inna ta yi gaisuwa, ta share ido da bakin zane, sannan ta ce, "Baba Disfensa ne ya aiko ni. Ya ce ƙafa ta hana shi zuwa, ku yafe masa. Ya ce kuma in tambaya, ko Malam ya bar masa kalma?"

Baba Disfensa aminin Kawu ne, abokin wasansa, tsohon ma'aikacin ɗakin shan magani. Inna ba ta kai ga buɗe baki ba Yaya ya riga ta, babban ɗan Kawu da ke aiki a Kaduna, wanda ya shigo ɗaukar tabarmi.

"Wace kalma kuma? Baiwar Allah, mutuwa aka yi a gidan nan. Ki ce masa wasa ya bi mai shi. Allon ma yau zan fitar da shi daga gidan."

Matar ta ce, "To," ta miƙe ta fita. Shekara uku tana ɗaukar kalma tsakanin tsofaffin nan biyu, ba ta taɓa fita daga gidanmu da irin wannan amsa ba. Raina ya ɓaci. Wani tsoho yana can bakin daji yana jiran amsar amininsa, an aika masa da zagi. Na ƙudura a raina cewa in Kawu ya bar kalma, sai ta isa inda aka nufa da ita, ko da wa zan ɓata.

Bari in gaya muku wane ne mutumin da kuke cewa ya ɓata lokacinsa.

Kawu bai wuce firamare ba. Turancinsa daga ƙamus guda ya fito, wanda ya saya da albashinsa na farko, yana tafiya da shi cikin jakar aiki tare da gora da adda. Yakan ce yawon daji akwai zaman jira, shi kuma ba ya iya zama hannu rabbana. Bangon ƙamus ɗin ya mutu sau biyu, Inna ta yi masa riga da ragowar atamfa. Wasan kuwa a ofis ya koya wurin wani abokin aiki da aka kawo daga kudu, da mutumin zai koma gida ya bar masa allon.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba Inna kunya. In ya je wurin mai tsire, kafin a yanka masa nama sai ya sa an miƙo masa tarin tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire da su, ya tsaya yana bincike har ya samo shafin da ke da wasan cike gurbi. Shafin zai linke ya sa a aljihu, tsiren a naɗe masa da wani. Mai tsiren da ya gaji sai ya riƙa ware masa shafukan tun da safe. Mun sha cike gurbi ni da shi a kan takardar da ke ƙamshin ƙuli da yaji, rabin tambayoyin mai ya cinye su, Kawu yana cewa mu ƙaddara abin da aka tambaya.

Amma abin da ya bambanta allon Kawu da na kowa doka ce guda. Duk kalmar da ka ajiye, sai ka faɗi ma'anarta da Hausa, sannan ka saka ta a jimla, jimlar kuma ta shafi abin da muka sani a garin nan. In ka kasa, ka kwashe haruffanka. Bayan wasa sai ya ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya rubuta kalmar da ma'anar da jimlar. Littattafan nan sun cika akwatin ƙarfe guda. Ni da nake koyar da Turanci a makarantar 'yan mata yau, a bakin allon nan na koye shi, ba a aji ba.

Dokar nan ce ta raba shi da Yaya, kuma ba zan ɓoye ba, Kawu yana da nasa laifin. Yaya ya dawo hutu daga jami'a a Zariya ya haddace jerin ƙananan kalmomin da 'yan gasa ke haddacewa. Ya zauna gaban ubansa, ga baƙi a zaure, ya ɗora wata kalma mai harafi biyu a gidan da ke ninka maki uku. Ya jingina da bango yana murmushi.

Kawu ya ce, "Ma'ana?"

"Tana cikin littafin kalmomin gasa, Baba."

"Ban tambaye ka inda take kwana ba. Me take nufi?"

"A gasa ba a tambayar ma'ana."

"To ka kai ta gasa. Ni baƙon da ban san sunansa ba ba ya kwana a gidana. Kwashe."

Baƙi suka kwashe da dariya, Kawu ma ya taya su, har da buga cinya. Yaya ya tashi ya fita, bai sake taɓa harafi ba har yau. Da Kawu ya buɗe ƙamus sun duba tare, da an wuce wurin. Bai yi ba. Yana da taurin kai, kuma yana son a ga ya yi nasara. Shekaru bayan haka na taɓa ganin kalmar a littafinsa, ya nemo ma'anarta ya rubuta, a gurbin jimla kuma ya bar fili. Ina jin jira yake mai ita ya zo ya cike.

Amincinsa da Baba Disfensa ya girme ni. Sun haɗu ne lokacin da kunama ta harbi Kawu a wajen aiki aka kai shi ɗakin shan maganin ƙauyen, ya tarar da mutumin yana fama da wasan cike gurbi, ya gaya masa amsar yana nishi. Baba Kirista ne ɗan Gbagyi, Kawu kuma ba ya sakin alwala. Duk Asabar ɗaya zai hau babur ya je wurin ɗaya. In lokacin salla ya yi Baba ke ɗebo masa ruwa a buta, ya zauna gadin allo. Kawu na sallamewa zai ce, "Ka taɓa?" Baba ya ce, "Na taɓa, na kuma sayar." Wani lokaci Kawu yakan sa Baba ya faɗi ma'anar da Gbagyi ma, wai don kada ya yi masa wayo da Hausa.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba ɗan Birnin Gwari wannan labari ba. Dajin da Kawu ya san kowane rafi da kowane maɗaci a cikinsa ya koma hannun 'yan bindiga. Hanya ta zama abin da ake shiga da addu'a a fita da sadaka. Mutanen ƙauyuka daga wajen Kutemeshi da Kusasu suka riƙa shigowa gari da tabarmi a ka. A lokacin ne na ga amfanin ƙamus ɗin da ake yi wa gori. Takardun neman taimako da Turanci suke zuwa, mutane kuma a gajiye suke, a shirye suke su dangwala yatsa a kan komai. Kawu ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, ya riƙa karanta wa kowa takardarsa layi-layi yana fassarawa. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, nuna mini wurin kawai in dangwala." Ya ce, "A'a, Iya. An raba ki da gidanki, ba a raba ki da hankalinki ba. Sai kin san abin da kika sa wa hannu." Wasu daga cikin masu cewa "sai dai wasan nan" a kan tabarmar suka zauna.

Babur ɗin Asabar ya daina tafiya. 'Ya'yan Baba da ke birni suka yi ta roƙonsa ya taso, ya ce kabarin matarsa na bayan gida, ba inda za shi. Yaya ma ya kama wa Kawu ɗaki a Kaduna. Kawu ya ce, "Na riga masu riƙe da dajin nan saninsa. Ba za su koya mini inda zan kwana ba." Ƙauyen Baba kuwa dama waya ba ta kamawa sosai, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya.

A zuwansu na ƙarshe da suka ga juna ido da ido, sai suka yi abin da ban taɓa jin wasu sun yi ba. Suka zazzage jakar haruffa suka raba biyu ba tare da sun duba ba, kowa ya ɗinke rabinsa a jakarsa. Baba ya zana allo a bayan kwali. Duk ranar kasuwa mai daddawa za ta kawo kalmar Baba da safe a 'yar takarda, Kawu ya yanka kwali ya rubuta haruffan ya jera a allonsa, kafin la'asar ya ba ta tasa ta koma da ita. Kalma guda a mako. Wasa ɗaya yakan ci wata biyar.

Na ce masa, "Kawu, to wa zai san in Baba ya leƙa jaka ya zaɓi haruffa masu kyau?"

Ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce, "Shi zai sani."

Jimlar da doka ta tanada ita ta zama wasiƙarsu. Baba ya aiko da granary, rumbu, ya ce sun ƙona masa biyu ya gina ɗaya. Kawu ya mayar da mule, alfadari, ya ce ya san wani mai ƙafa biyu a bayan Kuyello da ya ƙi tashi. Wani mako Baba ya aiko da lame, gurgu. Jimlar ta ce, "Sun kore tumakina duka, sun bar mini tunkiya guda don ba ta iya gudu. Yanzu mu biyu ne guragu a gidan." Kawu ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Mu a gida mun gane cewa zuwan kalma na nufin mutumin yana nan da rai, kuma bai tashi ba.

Wata rana aka tare motar kasuwa a hanya, ana zazzage kayan mutane. Takardar Kawu tana cikin ganyen da aka naɗe daddawa. Turanci ne da lambobin gidajen allo, duk wanda ya gani zai ce saƙo ne ake kai wa sojoji. Matar ta lallaɓa ta zare ta ta tauna ta haɗiye. Da labarin ya iso, Yaya ya zo takanas daga Kaduna, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Baba, wasanka zai kashe matar mutane." A wannan karon gaskiya tana wurin Yaya, kuma Kawu ya sani. Bai ci tuwo ba ranar. Kasuwa na zagayowa ya sa hula ya tafi har rumfarta, ina biye da shi, ya tsuguna gaban faifan daddawa, tsoho da furfurarsa, ya ce ta yafe masa, an daina.

Ta ce, "Wa ya daina? Malam, sun hana mu noma, sun hana mu kiwo, yanzu kuma su za su faɗa mini abin da zan ɗauka? Takardar ce matsala. Zuba mini a ka."

Matar nan ba ta taɓa shiga aji ba. Kawu ya zauna ya koya mata sunayen haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta riƙa rera su kamar waƙar daka. Daga ranar ba a sake rubuta komai ba. Haruffa, da wurin da za a jingina su, da ma'ana, da jimla, duk a kanta suke tafiya. Kafin shekara ta zagayo ta san Turancin rumbu da na kunama da na gatari, kuma duk wanda ya cika taya daddawa da arha sai ta kira shi da Turancin alfadari, shi kuwa ya yi ta godiya.

Kasuwar ƙarshe da Kawu ya gani, yana kwance zazzaɓi ya fara cin ƙarfinsa. Kalmar Baba ta iso: maize, masara. "Ta bana ta yi kyau, sai dai ban san wa zai ci ba." Kawu ya sa aka jera masa, ya dubi bencinsa, ya yi tsaki. Har la'asar bai samu abin ajiyewa ba. A karo na farko ya ce wa matar, "Ki ce masa ina nan, haruffa ne suka ƙi. Ya ba ni mako guda." Bai cika makon ba.

Ranar sadakar uku da yamma Yaya ya shiga ɗakin Kawu neman allo, ya fito hannu wayam yana faɗa. Babu wanda ya ce ya gani. Sai bayan ya fita Inna ta ja ni ɗakinta ta ɗaga bakin zanen gado. Ga allon nan a ƙarƙashi, ko harafi ɗaya bai goce ba. Tun ranar rasuwar ta ɗauke shi a kan faifai, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wannan ita ce Innar da ta shekara arba'in tana mitar tana tsintar haruffa a cikin garin tuwo.

Na dubi bencin. Wasula shida da W guda. Duk wanda ya taɓa wasan ya san wannan hannu ne na kuka.

Inna ta ce, "Ni da bakina na ce masa, Malam, ga jakar nan kusa da kai, ka canja mana, wa zai gan ka? Ya ce, Allah fa? Ni kuma fa? Ya kwana biyu yana juya su. Ana jibi zai rasu ya ce in miƙo masa littafi."

Na buɗe shafin ƙarshe. Rubutun ya karkace, ya sauka daga kan layi, amma yana karantuwa. Ya samu kalma, ya rubuta ma'ana, ya rubuta jimla. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da kasuwa ta zagayo na ce wa Yaya zan bi mai daddawa. Ya ce ban isa ba. Ya ce in ma dole ne, in gaya mata ta kai, ai aikinta ne. Na ce an riga an aika wa Baba da magana marar daɗi daga gidan nan, daga gidan nan kuma wani zai je ya gyara. Ya ce, "Kan wasa za ki jefa ranki a hanyar nan?" Na ce, "Yaya, matar nan shekara uku tana jefa nata. Jininta ba ruwa ba ne." Ya juya ga Inna yana neman ta sa baki. Inna ta ce, "Ki tafi da gyaɗar nan ki kai masa, yana so."

Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, tsoro na ji. An ce hanya ta ɗan yi sauƙi, amma da muka bar kwalta muka hau turɓaya motar ta yi tsit, kowa bakinsa na motsi. Mun wuce ƙauyukan da ciyawa ta fito a tsakar gidajensu. Ni kuwa ina cakuɗa addu'a da haruffa uku, ina maimaitawa kamar za su zube. Mai daddawa ta taɓa gwiwata ta ce, "Haka nake yi nima. Yana rage tsoro." Allah ya kai mu lafiya bayan la'asar.

Baba yana zaune a gindin bishiyar ɗorawa a ƙofar gidansa, ƙafarsa a miƙe a kan turmi, ya rame sosai. Na durƙusa na gaishe shi. Muka yi wa juna ta'aziyya, ya ce, "Ubangiji ya ba shi hutu, 'yata. An ce mini wasa ya bi mai shi."

Na ce, "Ba Kawu ne ya faɗa ba, Baba. Ya bar maka kalma."

Ya sa aka ɗauko masa allon kwalinsa, ya ɗora a cinya, ya ciro almakashi da guntun kwali da biro daga aljihu. A shirye suke, ashe bai mayar da su ɗaki ba.

Na ce, "A tsaye take, daga E ɗin ƙarshen masara. W, sannan E."

Ya yanka, ya rubuta, ya jera. Ya ƙirga da yatsa. "Maki shida," in ji shi. "Shekara arba'in yana cika mini baki, ya tafi da maki shida." Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Sai ya gyara zama ya haɗe fuska, ya dube ni yadda Kawu ke duban mutum. "Ma'ana?"

"Ewe. Tunkiya."

"Jimla?"

Na ce, "Gurguwar da suka raina suka bar maka, ta haihu kuwa?"

Baba ya ajiye allon a gefe. Sannan ya miƙo hannu na tashe shi, ya dogara sanda, ya ja ni bayan gida. Ga ta nan ɗaure a turke, ƙafar baya a shanye, tana cin harawa. 'Ya'ya biyu suna tsalle a gefenta.

Ya ce, "Ranar da ya rasu da safe. Na yi ta ajiye labarin in saka masa a jimla."

Muka koma gindin ɗorawa. Ya saka hannu a jakarsa, ya kau da kai gefe kamar yadda suka saba, ya cike bencinsa. Ya yi ta juya haruffa har rana ta yi ja. Can ya ɗago ya ce, "Ki gaya wa..." sai ya tsaya.

Na ce, "Ni za ka gaya wa, Baba."

"Kin san doka?"

"A kanta na girma."

"Ba a leƙe."

"Na sani."

Ya ce, "To buɗe kunnenki," ya fara jero mini haruffa.

Allon yana ɗakina yanzu, tare da akwatin littattafan. Yaya ya gani da zai koma Kaduna, ya tsaya a kansa, bai ce in fitar ba. Na buɗe masa shafin da ke da kalmarsa mai harafi biyu da filin da aka bari. Ya karanta, ya rufe, ya ce zai yi latti. Filin yana nan, ban cike ba.

Ku da kuka zo gaisuwa, mun gode, Allah ya ba da lada. Amma in za ku ambaci Kawu, ku ambace shi duka ko ku bar shi. Kada wanda ya sake yi mini "sai dai" a kansa. Ya Allah, bawanka ne ya zo maka, wanda bai yarda ya furta abin da bai san ma'anarsa ba, bai kuma cuci abokinsa ba a inda babu mai gani sai Kai. Ka yafe masa taurin kansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka dawo mana da dajinmu.

Yau kasuwa. Mai daddawa ta kawo kalmar Baba tun da safe, za ta biyo kafin la'asar. Haruffana ba su da kyau ko kaɗan. Jakar tana nan kusa da gwiwata, ni kaɗai ce a ɗakin, kuma ban leƙa ba.